Ginshiƙin Tsakiya na Gadar Tungar Gawo

Wutar da ta kama kara, tun daga nesa ake hango hayaƙinta. Wadda ta kama zuciya kuwa, sai ta gama ɓarna ake sanin ta tashi. Irin wannan wutar ce ta cinye Lukuman birkila, mutumin Gwandu. Ba talauci ne ya hura ta ba, domin bai taɓa kwana da yunwa ba. Ganin ɗan'uwansa ne ya hura ta.

Lukuman da Muzzammil 'ya'yan wa da ƙane ne. Gida ɗaya suka tashi, akushi ɗaya suka ci. Lukuman ne babba, kuma duk unguwar an shaida ya fi kaifin kai. Amma mahaifinsa ya rasu yana tsakiyar sakandare, dole ya ajiye littafi ya ɗauki kwanon sarki na ɗibar siminti, ya bi magina. Muzzammil ya ci gaba da karatu har ya zama injiniya. Akwai shekarun da gumin Lukuman ne ya sayi takalmin da Muzzammil ya tafi jami'a da shi. Muzzammil bai manta ba, a gaban kowa yake faɗa. Sai dai duk lokacin da ya faɗa, Lukuman ji yake kamar ana tuna wa jama'a wane ne a sama, wane ne a ƙasa.

Abin ya kai maƙura ranar da aka buɗe wata sabuwar Islamiyya a Gwandu. Muzzammil ne ya zana ta, Lukuman ne ya ɗora kowane bulo tun daga tushe har rufi. Aka zaunar da Muzzammil a ƙarƙashin rumfa cikin manya, mai riƙe da lasifika yana ta nanata, “Injiniya Muzzammil, wanda ya gina mana wannan makaranta.” Lukuman na tsaye a rana cikin leburori, yana kallon tafin hannunsa da siminti ya tsattsage.

Da suka koma gida, mahaifiyarsa Inna Habiba ta ce, “Allah shi yi ma Muzzammil albarka, ya hidda mu kunya yau.” Ba ta ce komai a kan nata ɗan ba. Lukuman ya san shi ɗan fari ne, uwa ba ta yabon ɗan fari, ko sunansa ba ta kamawa. Amma hassada ba ta jin bayani.

Matarsa Halima Sadiya ta ajiye masa tuwo har ya huce. Ta ce, “Maigida, kowa da rabonsa. Mu ma ai Allah ya rufa mana asiri.”

Ya ce, “Rufin asiri shi ne sunan da ake ba wanda aka bari a baya.”

Wani direban tifa mai kawo masa yashi, Garba, shi ne ya fara raɗa masa labarin wani tsoho da ke zaune a wani busasshen kwari can bayan Wurogauri, wanda ake kira Sambo Mai-Tukunya. Garba ya faɗa ne da wasa. Lukuman bai ɗauki maganar da wasa ba.

Rana tsaka ya isa, cikin zafin bazara. Ya jingina babur ɗinsa a gindin wata giginya ya gangara da ƙafa. Ko tsuntsu ba ya kuka a kwarin. Bukkar tsohon tana ƙarƙashin wata tsohuwar kuka, an lulluɓe ta da ruɓaɓɓiyar komar masunta. Ya yi sallama.

Daga ciki wata murya ta ce, “Bar wagga magana waje, tare da takalmanka.”

Da ya shiga, ƙafarsa ta nutse cikin laka mai sanyi, alhali ƙasar waje ta tsage don fari. Wurin yana ƙarnin kifi da tsohon jini. Tukwane ne jere a jikin zana, ƙanana da manya, kowace an ɗaure bakinta da fata, kuma daga cikin wasu ana jin wani ƙugi kamar na ruwan da ke gudu a ƙarƙashin ƙasa. An rataye kan kada a saman ƙofa. Tsohon yana zaune a kan wani turmi da aka kife, siriri kamar kara, idonsa ɗaya fari fat, ruwa na ɗiga daga gefen rigarsa.

“Mi kab biɗo?”

“Arziki, Baba.”

“Ƙarya kake. Mai biɗar arziki gabansa yake duba. Kai idonka gehe yake kallo. Wane ne?”

Lukuman ya ce, “Ɗan'uwana ne.”

“A kashe shi?”

“A'a. So nake ya rayu. Ya daɗe, ya ga na wuce shi, ya tsaya a rana ni ina inuwa.”

Tsohon ya yi wata dariya da ba ta da sauti. “Wanga ya hi kisa tsada.” Ya jawo wata baƙar tukunya ya ajiye a tsakaninsu. “Za a ba ka aikin gada bisa ruwa.”

“Ba a ba birkila kwangilar gada, Baba.”

“Za a ba ka. In an ba ka, ka binne wagga tukunya ƙarƙashin ginshiƙin tsakiya. Kada ka gina ramin ya wuce ƙirjinka, don wanda ke cikin tukunyar yana son jin ruwa na wucewa kusa da shi. Kuma kada ƙarhe ya kusance ta. Ba shi shiri da ƙarhe.”

Nan Lukuman ya gane haɗarin, domin duk abin da za a ce da shi, ya san aikinsa. Ya ce, “Baba, ginshiƙin da ke tsakiyar ruwa sai an haƙa masa har an tarar da ƙasa mai tauri. In aka dasa shi a kan yashi, ruwa zai riƙa ƙwaƙule ƙarƙashinsa har ya bar shi a rataye. Rodi kuwa shi ne ƙashin kankare. In babu shi a gindi, da ruwa ya tunkuɗo daga gefe karyewa zai yi.”

Tsohon ya fara janye tukunyarsa. “To tahi ka tambayi injiniyan gidanku. Shi yas san littahi.”

Lukuman ya dafe tukunyar da hannu biyu. “Me zan biya?”

“Ni baƙin bunsuru ya ishe ni. Na cikin tukunya kuwa ba ya karɓa, ragewa yake. Zai rage maka nauyin da ke bisa kanka.”

Lukuman ya tuna da wahalar shekaru, ya ce a ransa ai abin da yake nema ke nan. Ya miƙa hannu. Tsohon ya tsaga masa tafi da ƙayar kifi, ya kankare simintin da ke ƙarƙashin farcensa, ya kwaɓa da jinin da lakar ɗakin, ya jefa a tukunya. Ya sa shi ya sunkuya ya kira sunan kansa da na uwarsa a cikinta. Muryarsa ba ta dawo ba. Da aka ɗaure bakin ya ɗauka, sai ya ji ta da sanyi kamar randa, wani abu kuma yana juyi a ciki.

Akwai wani ƙauye da ake kira Tungar Gawo, a hayin wani reshen gulbi, wanda duk damina ruwa ke raba shi da kasuwar Kalgo. Mata masu naƙuda sun sha mutuwa a bakin ruwan suna jiran kwalekwale. 'Yan asalin yankin da ke zaune a birane suka kafa ƙungiya suka haɗa ƙarfi don a yi gadar ƙafa. Muzzammil ya zana musu ita kyauta, kowa kuma ya ɗauka shi zai gina. Kwatsam shugaban ƙungiyar ya wayi gari ya kafe cewa Lukuman birkila za a ba, sauran suka bi shi kamar an ɗaure musu baki.

Muzzammil da kansa ya kawo zanen har gida, fuskarsa a sake. “Yaya, na yi murna. Ga shi, duk abin da ya shige maka duhu ka kira ni. Ginshiƙin tsakiyar nan dai shi ne ran gadar.”

“Na gode, Injiniya,” in ji Lukuman, yana jan sunan kamar zagi.

Ranar wata Juma'a, da leburori suka tafi masallaci, ya sauka cikin ramin da bai wuce ƙirjinsa ba, ya binne tukunyar, ya yanke rodin da ya gangaro kusa da ita, ya zuba kankare da hannunsa ya rufe. Wanda ya yi sata a tushe kuwa, sata a bango ba ta yi masa wuya. Ya rage siminti. Ya ɗebi yashin bakin gulbi mai haɗe da laka, bai wanke ba. Inda zane ya ce a sa rodi mai kauri, ya sa siriri. Bai shayar da kankaren ruwa yadda ya kamata ba, kuma ya cire katakon da ke tallafe da shimfiɗar gadar tun ba ta gama ƙwari ba, don a buɗe kafin ruwa ya sauka.

Muzzammil ya zo duba aiki, ya tsaya a kan tulin ƙasar da aka fitar daga ramin tsakiya, ya ɗiba ya murza.

“Yaya, wannan yashi ne zalla. Ban ga jar ƙasa ba. Kuma tulin ya yi kaɗan. Ina zurfin ya tsaya?”

“Shekara nawa ka yi kana riƙe cokalin gini?”

“Ba gardama na zo yi ba. Ruwa in ya bugi ginshiƙi, juyawa yake a gindinsa yana haƙa. Damina ɗaya ba za a gani ba, ta biyu ma watakila. Amma yana ci. Mutane za su hau wannan abu da 'ya'yansu.”

“Faɗi gaskiya dai. An hana ka an ba ni, shi ne ke ci maka rai.”

Muzzammil ya kai ƙorafi wurin ƙungiya. Suka ce baƙin ciki ne, ɗan'uwa ya samu ɗan'uwa ya kasa haɗiyewa. Maganar ta zagaye Gwandu, har a majalisar masu shayi ana cewa ilimi bai hana Injiniya hassada ba. Duk abin da tukunya ta kawo wa Lukuman daga baya, babu wanda ya kai wannan daɗi a bakinsa.

Aka buɗe gada da kiɗa da guɗa. Wannan karon Lukuman ne a rumfa. Daga nan kwangiloli suka riƙa bin sa har gida: kwalbatoci, shaguna, katangun makarantu. Ya tashi daga birkila ya koma Alhaji Lukuman ɗan kwangila. Ya gina bene mai farin fenti daidai inda Muzzammil zai riƙa wucewa kullum, ya ajiye motoci a ƙofa. Muzzammil kuwa aiki ya ja baya gare shi, domin wa zai ba mahassadi amana?

Damina ta biyu, ruwan farko, autan Lukuman, Usman, ɗan shekara huɗu, ya kwanta barcin rana a kan katifa bai tashi ba. Da aka ɗaga shi, ruwa mai laka ne ya zubo daga hancinsa da bakinsa, alhali ɗakin a bushe yake. Ba a yi arba'in ba, ƙanen Lukuman, Abdulbaƙi, wanda yake riƙo, ya sunkuya zai yi alwala a bakin wani kwatami da ruwansa bai kai idon sawu ba, aka tarar da shi kife, ya cika.

Sai Halima Sadiya ta fara samun taɓin hankali. Da fari cewa take tana jin ruwa na gudu a ƙarƙashin tayil. Daga baya ta daina taka tsakiyar ɗaki, sai ta bi jikin bango tana dafawa, tana cewa gidan lilo yake. In ta ga mijinta sai ta toshe hanci ta ce ƙarnin kifi yake yi. Babbar 'yarsu Albarka, budurwa 'yar shekara goma sha biyar, ta bar makaranta ta koma jinyar uwa.

Lukuman ya koma kwarin. Ya tarar da tsohon inda ya bar shi.

“Baba, gidana na ƙarewa.”

“Na hwaɗa maka zai rage maka nauyi. Mi an nauyin magidanci in ba waɗanda yake ciyarwa ba?”

Lukuman ya durƙusa cikin lakar. “A tsayar da shi. Ko me ake so zan kawo.”

“Ba a saye. Hanya guda ta. Ka tara mutane, ka hana su hawa, ka hwasa ginshiƙin da rana kowa na kallo, ka hiddo tukunyar. Dukiya za ta tahi yadda taz zo. Waɗanda suka rage za su rayu.”

A hanyar komawa ya tsaya a Tungar Gawo ya gangara ƙarƙashin gadar. Bai buƙaci kowa ya yi masa bayani ba. Ruwa ya ƙwaƙule yashin gindin ginshiƙin tsakiya har mutum zai iya zura hannu a ƙasansa. Ginshiƙin ya ɗan karkata. Wata tsaga ta taso daga gindi, jan ruwan tsatsa na tsiyaya daga shimfiɗar sama. Ya ga Albarka a ransa, ya ga Inna. Sa'an nan ya ga kansa riƙe da guduma a gaban jama'a, Muzzammil na tsaye a gefe, kowa ya san shi ne mai gaskiya.

Washegari ya aika leburori suka shafe tsagar da filasta, suka yi wa gadar sabon fenti.

Cikin watan Agusta aka kwana uku ana ruwa, gulbi ya cika ya kawo iyakar wuya. Inna Habiba ta ji labarin wani malami a Tungar Gawo mai yi wa masu taɓin hankali addu'a, ta ce lallai a kai Halima Sadiya. Lukuman ya yi ta kawo uzuri, ta ce ko ya kai su ko su hau haya. Ya ɗauke su a mota, ita da Halima da Albarka, yana shirin in sun isa ya nemo musu kwalekwale ya ce don marar lafiya ne.

Ranar kasuwar Kalgo ce. Gadar ta cika maƙil da mutane ɗauke da buhunan shinkafa da albasa, 'yan acaɓa na kutsawa da lodi, wani na jan shanu biyu, nauyin da ko lafiyayyar gadar ƙafa ba a yi ta dominsa ba. A bakin gadar kuwa ga Muzzammil tsaye cikin yayyafi, ya shanya hannuwa, muryarsa ta dishe. Kwana biyu yana nan yana roƙon mutane su dakata, suna ture shi suna wucewa.

Da ya ga su ya rugo. “Inna, don girman Allah kada ku hau. Ginshiƙin tsakiya motsi yake, da idona na gani.” Ya juya ga Lukuman. “Yaya, ka ce musu. Kai suke ji. In ka ce a sauka, kowa zai sauka.”

Mutane suka tsaya suna kallon 'yan'uwan biyu. Inna Habiba ta dubi ɗanta, ba ta kama sunansa ba. “Kai, mi kac ce? A hau ko kar a hau?”

Kalma ɗaya ce tsakanin Lukuman da ceton uwarsa. Ya buɗe baki. Sai ya ga idon jama'a, ya ga Muzzammil yana jira.

Ya ce, “Ku hau, Inna. Gada lafiyarta ƙalau.”

Ta kama hannun Halima, Albarka ta kama ɗayan, suka shiga cikin taron. Shi bai bi su ba. Tun da aka gina gadar bai taɓa taka ta ba.

Sun kai tsakiya ke nan aka ji wata ƙara kamar an karya ƙaton icce. Ginshiƙin ya durƙusa gefen da ruwa ke tafiya. Shimfiɗu biyun da ke kansa suka zame suka kife, mutane da babura da shanu da buhuna suka zube cikin jan ruwa. Ihun bai daɗe ba, ruwan ya fi shi ƙarfi.

Muzzammil ya faɗa ruwa tare da masunta. Sun ciro waɗanda Allah ya yi wa sauran kwana, cikinsu har da Albarka, wadda kankare ya danne wa ƙugu. Gawar Inna Habiba sai washegari aka same ta a cikin ciyawa, can ƙasa. Ta Halima Sadiya ba a same ta ba har yau. Babu gidan da ba a yi zaman makoki ba a Tungar Gawo.

Da rani ya zo ruwa ya janye, hukuma ta turo wani injiniya mai suna Nathaniel, mutumin Zuru, ya tono gindin ginshiƙin a gaban jama'a. Ya nuna musu tushen da aka dasa a kan yashi, wanda ruwa ya cinye ƙarƙashinsa. Ya ɓantari kankaren da hannu ya murje shi ya zama gari. Ya nuna inda aka yanke rodi, da wani kogo a tsakiyar tushen inda ya kamata a ce kankare ne cunkus. A cikin kogon akwai fasasshiyar baƙar tukunya. Ya ce shi ba ruwansa da abin da aka zuba a cikinta. Ko babu komai a ciki, ramin da ta bari da ƙarfen da aka cire dominta sun isa su kashe mutane. Matasa suka tafi kwarin da ke bayan Wurogauri da sanduna, suka tarar da kuka, ba bukka, ba tsoho.

An kama Lukuman, dukiyarsa ta watse tun kafin a gama shari'a, benen ya tsage gida biyu ba wanda ya yarda ya saya. Ba a yanke masa hukunci ba, domin likitoci sun ce babu hankalin da za a hukunta. Albarka tana gidan Muzzammil a kan keken guragu, shi yake riƙe da ita kamar 'yar cikinsa. Lukuman kuwa yana tashar motar Kalgo cikin tsumma. Duk wanda zai tsallaka 'yar kwalbatin bakin tasha, sai ya sha gabansa ya shanya hannuwa, hawaye na zuba, yana cewa, “Kada ku hau. Inna, kada ku hau.” Yanzu yake faɗarta, lokacin da ba ta da amfani ga kowa.

Kai da kake kallon rabon ɗan'uwanka zuciyarka na tafasa, ka ji tsoron Allah ka kashe wutar tun tana ƙarama. Boka ba ya ba da komai daga aljihunsa. Daga cikin gidanka yake yanko abin da zai miƙa maka. Dukiyar da aka dasa a kan tsafi da ha'inci tana iya tsayawa damina ɗaya ko biyu, ana yi mata fenti ana yabo, amma ruwa na ƙasa yana aikinsa. Ranar da za ta rushe, ba za ta tambayi waɗanda ke kanta ko su waye naka ba.